Karatun Turanci Ta Intanet: Abin Da Na Gani Tsakanin Darasin Kai-tsaye Da Naɗaɗɗe

Ni malama ce, kuma aikin da na fi daɗewa a kansa shi ne koyar da karatun Turanci ga waɗanda ba da shi suka tashi ba. Akwai yara 'yan firamare, akwai matasan da suka gama makaranta amma shafi guda yana kayar da su, akwai kuma manya masu iyali da suka dawo neman abin da ya wuce su tun ƙuruciya. Kafin 2020 ban taɓa koyar da kowa ta waya ba. Da annobar korona ta zo aka rufe makarantu a kusan duk duniya, aikin ya koma intanet ba shiri, ni ma na bi shi. An buɗe makarantu tuntuni, amma har yau rabin aikina a can yake. Tambayar da iyaye da abokan aiki suka fi yi mini ita ce wanne ya fi, darasin kai-tsaye ko wanda aka naɗa a bidiyo. Na yi duka biyun, ga kuma yadda ta kaya.

Da kai-tsaye na fara, don shi ya fi kama da ajin da na sani. Na buɗe Zoom, ɗalibai suka shigo, na ɗora jimla a fuskar kwamfuta na ce mu karanta tare. Abin da ya fito hayaniya ce zalla. Muryar kowa tana isowa da ɗan jinkiri, jinkirin kuma ba iri ɗaya ba ne, wani yana kalma ta uku wani bai bar ta farko ba, manhajar kuma tana ta ƙoƙarin ɗaga murya ɗaya ta danne sauran. Karatun haɗa baki, wanda a aji shi ne mafakar ɗalibi mai kunya, ya tashi aiki ke nan. Dole kowa ya rufe makirufonsa, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan lissafi ya shigo. Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40. A cire gaisuwa, a cire jiran waɗanda netwok ya jefar su dawo, a cire "Malama, ba ma jin ki", a cire bayanin darasi, abin da zai rage da ƙyar ya kai minti 20. In aji na mutum 15 ne, kowa ya tashi da minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Ɗalibi ya ƙona datar minti 40 don ya yi karatun minti ɗaya, sauran lokacin yana sauraren wasu suna tuntuɓe a kan layin da shi ma bai iya ba.

Akwai kuma matsalar sauti, wadda ba a cika faɗa ba. Manhajojin taro an gina su ne don mutanen da suka riga suka san harshen, waɗanda ko rabin kalma suka ji za su cike sauran da kansu. Mai koyo ba shi da abin cikewa. Sautukan da iska kawai ke fitar da su, irin su f da s da th, su ne ke fara ɓacewa idan netwok ya yi rauni. Sai in ce thin, wannan ya ji fin, wancan ya ji sin, kuma dukansu kalmomi ne na gaske masu ma'ana daban.

Wannan ya sa na koma naɗar darasi. Na jingina waya a kan littattafai, na matso da ita har bakina ya cika hoton, na shiga ɗaukar sautukan Turanci ɗaya-ɗaya. A nan na ga amfanin da aji bai taɓa ba ni ba. Ɗalibi yana ganin yadda harshe ke leƙowa tsakanin haƙora a th, yana ganin leɓɓa sun haɗu sun fashe a p, yana ganin haƙoran sama sun zauna kan leɓen ƙasa a f. Nakan riƙe 'yar takarda a gaban baki in ce pan, takardar ta yi tsalle, don ya ga iskar da idonsa. A aji, wanda ke zaune a baya bai taɓa ganin wannan ba.

Turanci kuma harshe ne da karatunsa ke bukatar maimaici fiye da ƙima. Haruffansa 26 ne, sautukansa kimanin 44, don haka harafi ɗaya yana aikin sauti da yawa, sauti ɗaya kuma ana rubuta shi ta hanyoyi da yawa. Wanda ya saba da rubutun da abin da ka gani shi za ka faɗa, yakan sha mamaki idan ya ci karo da though da through da tough da cough: haruffa huɗun ƙarshe iri ɗaya, furuci huɗu daban. Ba bayanin da zai zaunar da wannan a kai a zama ɗaya. Sai an ji, an sake ji, an kwana, an sake ji. Malama takan gaji da maimaitawa, muryarta ma takan nuna ta gaji ko ba ta so. Bidiyo ba ruwansa.

Wani dattijo a cikin ɗalibaina, wanda aikin dare yake yi kuma ba ya samun shiga darasi a kan lokaci, shi ya fi kowa bayyana mini wannan. Na ce masa, "Baba, yaya bidiyoyin?" Ya ce, "Malama, a cikin yaran nan in na yi tambaya sau biyu sai in ji nauyi, wasunsu sa'o'in jikokina ne. Wannan kuwa ko sau nawa na mayar da shi baya ba ya ƙosawa, ba ya kuma kallona." Yana sauke bidiyon lokacin da netwok ke da ƙarfi, ya kalla lokacin da ya samu sarari, ya rage gudunsa zuwa 0.75 idan na yi masa sauri. Daga baya na ji Salman Khan, wanda ya kafa Khan Academy, dandalin koyarwa ta bidiyo, a Amurka, yana ba da labari irin wannan: 'yan uwansa da yake koya wa lissafi sun gaya masa sun fi son sa a YouTube a kan ya zauna da su, saboda suna iya tsayar da shi su maimaita ba tare da jin kunya ba.

Tsawon bidiyo ma sai da na daidaita. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan darussan edX, wani dandalin karatu ta intanet, wanda ya duba kallo kusan miliyan 6.9, ya nuna cewa komai tsawon bidiyo, yawancin masu kallo ba sa wuce kimanin minti 6 suna tare da shi. Waɗannan fa manya ne masu bin darussan jami'a. Ina ga yaro ɗan shekara 7? Na mayar da nawa gajeru, sauti ɗaya ko ƙa'ida ɗaya a kowane bidiyo, da kalmomi kaɗan na gwaji.

Na ɗan wani lokaci abin ya yi daɗi. Lambobin kallo suna hawa, iyaye suna turo godiya, ba wanda ke cewa ba ya ji na. Sai ranar da na kira wata yarinya 'yar shekara 9 don in ji inda ta kai. Mahaifiyarta ta tabbatar mini ta kalli komai, wasu ma ta haddace su. Na ɗora mata labarin da ke cikin bidiyo, ta zuba shi tiryan-tiryan, har da inda nake ɗaga murya da inda nake sauke ta. Na ji muryata a bakinta. Sai na ɗora wasu jimloli uku da ba ta taɓa gani ba, waɗanda kalmominsu duk daga sautukan da muka yi suke. Ta tsaya cak a kalma ta biyu. Hadda ta yi, kuma haddar mai kyau ce, amma idonta bai koyi bin haruffa ba. Hausawa sun ce gani ba ci ba, da kare bai kwana da yunwa ba. Kallon wani yana karatu yana sa mutum ya ji kamar shi ma ya iya, kuma ba mai gaya masa akasin haka har sai an ajiye masa sabon shafi.

Shi ma Baba, duk da ƙwazonsa, ya shafe makonni yana karanta pull da full iri ɗaya. Ya kalli bidiyon p da f fiye da kowa. Yana maimaitawa bayan ni, a kunnensa kuma daidai yake faɗa, domin kunnen da bai saba raba sautuka biyu ba ba zai kama kansa ba. Ɗalibaina masu jin Larabci p da b suke haɗawa, masu jin Faransanci h ɗin farkon kalma suke zubarwa, kusan kowa kuma yana fama da ship da sheep. Kowane harshe da inda yake tura mai shi. Bidiyon yana nan yana faɗin daidai, ɗalibi yana gefe yana faɗin kuskure, ba wanda ya san da ɗan uwansa. Kuma kuskuren da aka maimaita sau da yawa ya fi sabon kuskure wuyar cirewa.

Tun daga nan na ɗauki wata dabara daga Ingila. A can, tun 2012, ana yi wa yara 'yan kimanin shekara 6 gwajin haɗa sauti da kalmomi 40, rabinsu kalmomin ƙirƙira ne da ba su da ma'ana, don a gane wanda ke karanta haruffa da wanda ke tuna siffar kalma. Ni ma sai in rubuta abu kamar fep ko shom in ce a karanta mini. Mai hadda ba shi da inda zai ɓuya. Amma wannan gwajin sai da mai sauraro, ba a yin sa a bidiyo.

Bari in faɗi abin da ke faruwa a darasin kai-tsaye idan ya yi kyau, don ƙaramin abu ne sosai, wanda bai yi aikin ba ba zai kula da shi ba. Yarinyar nan 'yar shekara 9, bayan mun koma zama kai-tsaye, tana karanta jimlar da ke da kalmar horse, sai ta ce house. Wannan kuskuren yana da labari: ta duba harafin farko da na ƙarshe, ta yi kintace a tsakiya. Ban faɗa mata kalmar ba. Na yi shiru. Ta ci gaba har ƙarshen jimlar, inda aka ce dabbar tana gudu, sai na ga girarta ta haɗe. Gida ba ya gudu. Na ce, "Koma ki duba tsakiyar kalmar." Ta matso da fuskarta kusa da wayar har hancinta ya cika hoton, leɓenta yana motsi, sannan ta ce, "Horse! Malama, r ne ba u ba." Duk abin bai kai rabin minti ba. A cikinsa na gane irin kuskurenta, na zaɓi in yi shiru, na zaɓi inda zan nuna mata, ita kuma ta gyara da kanta. Da na ba ta kalmar, da gobe ma za ta sake kintace ta jira a ba ta.

Shirun nan aiki ne. Mary Budd Rowe, wata mai bincike kan koyarwa a Amurka, ta nuna tun farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka kai jiran daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin ɗalibai sukan ƙara tsawo da inganci. A intanet jiran ya fi wuya, don shiru yana kama da yankewar netwok, kowa sai ya fara "Hello, kina ji na?" Wanda ke karatu da harshe na biyu kuwa ya fi kowa bukatar daƙiƙun nan. Nakan gaya wa ɗalibai tun farko cewa idan na yi shiru ina nan, jira nake yi.

Ba ni kaɗai ke jin wuyar shirun ba. Sau da yawa yaro zai tsaya a kalma, sai in ji raɗa daga gefen da kyamara ba ta kai ba, yaron kuma ya faɗi kalmar daram. Na sha cewa, "Maman yara, don Allah ki bar min shi ya ɗan wahala, wahalar ita ce karatun." Sai a yi dariya, a daina na kwana biyu, a dawo.

Abin da ya canja mini aiki gaba ɗaya bai zo daga kai-tsaye ko daga bidiyona ba. Wata ɗaliba ce da netwok ya hana ta shiga darasi ta turo mini saƙon murya ta WhatsApp, ta ce, "Malama, ga karatuna na yau, ki duba min." Na saurara da littafin a gabana da fensir a hannu. Na mayar baya inda ban ji da kyau ba. Na ja layi ƙarƙashin kalmomin da ta kuskure, na sa alama inda ta gyara kanta, na lura tana cinye ƙarshen kalmomi masu ed. A minti ɗayan nan na san karatunta fiye da yadda na san shi a duk zaman da muka yi cikin taro. Duk tsawon lokacin muryata nake naɗa ina tura musu, alhali muryar da ta fi bukatar a naɗa a saurara tasu ce.

Na mayar da shi tsari. Kowane ɗalibi yana da gajeren nassi daidai ƙarfinsa. Zai saurari karatuna a naɗe yana bin layi da yatsa, ya karanta da kansa sau da dama, sannan ya naɗo mini. In saurara, in ƙirga kalmomin da ya karanta daidai a minti ɗaya, in mayar masa da saƙon murya da gyara ɗaya ko biyu, ba fiye ba, don gyara goma a saƙo ɗaya ba ya shiga. Maimaita nassi ɗaya har ya saki ba sabuwar dabara ba ce, wani mai bincike kan karatu, S. Jay Samuels, ya yi rubutu a kanta tun 1979. Kwamitin ƙasa kan karatu na Amurka, a rahotonsa na shekarar 2000, ya samu cewa maimaita karatu a bayyane tare da jagora da gyara yana ƙara saurin karatu da daidaitonsa. Jagora da gyaran nan su ne bidiyo shi kaɗai ba ya bayarwa. Wani amfanin da ban zata ba shi ne ɗalibi yana jin kansa. Baba da kunnensa ya kama p ɗinsa, ranar da na ce ya saurari nawa ya saurari nasa a jere. Ya turo mini saƙo yana dariya: "Malama, ashe ni ne ban ji ba."

Lokacin kai-tsaye kuma na daina kashe shi a kan bayani. Bayani ya koma bidiyo, a kalla kafin a zo. Wasu malaman kimiyyar sinadarai biyu a jihar Colorado, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, sun fara irin wannan a 2007, da farko don ɗaliban da ke rasa darasi, daga baya ya zama tsarin da ake kira juyayyen aji. Ni na rage rukuni zuwa mutum 3 ko 4, zaman bai wuce minti 25 ba, kuma doka ɗaya ce: muryarsu ta fi tawa yawa. Akwai masu zuwa ba su kalli bidiyon ba, ba kuma na tsayawa in maimaita musu, don ranar da na yi haka ba wanda zai ƙara kallo.

Akwai ɓangaren da har yau ban samu abin da ya maye kai-tsaye a cikinsa ba, wato fahimta. Wasu masu bincike biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun bayyana a 1986 cewa fahimtar karatu tana fitowa ne daga abu biyu da ake ninkawa: iya fitar da kalma daga haruffa, da fahimtar harshen kansa. Idan ɗaya ya zama sifili, sakamako sifili ne. Yaron da aka haifa cikin Turanci yana zuwa da na biyun a aljihu. Nawa ɗaliban suna gina duka biyun a lokaci ɗaya. Ina da waɗanda za su karanta sakin layi sumul, ba tuntuɓe, in tambaye su wa ya yi me su zuba mini ido. Binciken Paul Nation, masanin koyar da harshe, da abokan aikinsa ya nuna mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin nassi kafin ya fahimce shi ba da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin 50. Ana iya koyar da kalmomi a bidiyo da hotuna, ina yi ma. Amma tambayar "me ya sa kake ganin ya ƙi buɗe ƙofar?", da tambayar da za ta biyo bayan amsarsa, wadda ni kaina ban san ta ba sai ya amsa, wannan sai ana tare.

Ba zan ɓoye nauyin da ke kan malami ba. Bidiyon minti 5 yakan ci sa'o'i tsakanin shiri da ɗauka da yankewa, sai dai in an gama an gama, zai yi shekaru yana aiki. Saƙonnin murya su ne masu cin dare, don ba sa ƙarewa, kuma ɗalibin da ya turo bai ji amsa ba cikin kwana ɗaya ko biyu yakan daina turowa. Kai-tsaye yana gajiyar da ido da murya. Amma shi ne ke riƙe mutane. Darasin da ake cewa ka kalla duk lokacin da ka ga dama, sau da yawa lokacin ba ya zuwa, shi ya sa a manyan darussan intanet na kyauta yawancin masu rajista ba sa kaiwa ƙarshe. Wanda ya san ranar Talata da yamma malama da mutum uku suna jiran sa, kuma za a ji shi, yakan buɗe littafin ranar Litinin.

Idan uwa ta tambaye ni yau, nakan fara tambayar ta wane ne mai koyon. Babban da ya riga ya iya karatu da wani harshe, ya san cewa haruffa sauti suke wakilta, yana iya tafiya mai nisa da naɗaɗɗen darasi, muddin akwai mai sauraren karatunsa ko sau ɗaya a mako. Ƙaramin yaro, ko babban da bai taɓa karatu da kowane harshe ba, ba na yarda a bar shi da bidiyo kaɗai, komai kyan bidiyon da yawan launukansa. In dole sai ɗaya, kai-tsaye zan zaɓa masa, ko da minti 15 ne, shi da malami su biyu.

Waɗanda netwok ɗinsu ba ya ɗaukar hoto kuwa, mun daina wahalar da kanmu da manhajar taro. Ina tura musu shafin tun da wuri su buga a takarda ko su kwafa da hannu, in sa wa layuka lamba, sannan in kira su kiran waya na yau da kullum. Ba na ganin bakinsu, don haka aikin th da f sai a bar wa bidiyo. Sauran kuwa yana tafiya: in ce layi na 4, kalma ta uku, sake dubawa, sai in yi shiru in jira.